Maigadin gida ko na kamfani: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Mai Sito: Assalamu alaikum 'yan kasuwa, shawara nake nema. Muna da sito a hanyar Dawanau inda muke ajiye shinkafa da taliya da man girki, daga can ake ɗauko wa shagonmu na Singa. Maigadinmu dattijo ne, tun zamanin mahaifinmu yake wurin, dubu 35 muke ba shi da abinci. Da muka yi ƙidayar kaya bayan Sallah sai muka ga giɓi a katan-katan na taliya da jarkokin mai, alhali ba a fasa kwaɗo ba, ba a haura katanga ba. Na tuntuɓi wani kamfanin tsaro, sun ce mutum biyu za su turo, na rana da na dare, kowanne dubu 110 a wata. Gaskiya kuɗin ya yi min nauyi. Waɗanda suka taɓa gwadawa don Allah ku ba ni haske.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Yaro, kar kaki ya ruɗe ka. Tun farin 1973 da Buzaye suka fara shigowa Kano da yawa, su ne suke riƙe mana gidaje da sito-sito, kuma ba mu ga ta kasa ba. Nawa ɗan wajen Tawa ne, rawaninsa da takobinsa da butar shayinsa. Ya san kowane yarona, ya san kowane direba, har muryar motar kowa ya sani. Na kamfani kuwa yau ka ga wannan fuska, wata mai zuwa ka ga wata. Wanda ba ka san uwarsa ba, ba ka san ubansa ba, shi za ka damƙa wa makullin dukiyarka?

Ɗan Waya: Alhaji Mai Sito, da ni ne kuɗin wata uku zan tara in sa kyamara da sola in huta. Kyamara ba ta barci, ba ta neman kuɗin Sallah.

Tsohon Sufabaiza: Ba ta barci, amma ba ta buga usur, ba ta rufe get, ba ta ɗaukar waya ta kira kowa. Da safe za ka zauna ka kalli yadda aka yi maka sata tiryan-tiryan, da mutum ya rufe fuska da hular sanyi. Kyamara tana da amfani matuƙa, amma sai da idon da yake kallonta a lokacin da abin yake faruwa.

Na yi shekaru ina duba masu gadi a wani kamfani kafin in koma sayar da kayan gini, saboda haka bari in faɗi abin da na gani. Mai Sito, ka sake karanta abin da ka rubuta: ba a fasa kwaɗo ba. Kenan kayanka ba da dare suka fita ba. Da rana tsaka suka fita, ta ƙofa, a cikin mota ko a kan ɗan dako, kuma wataƙila Baba ya ɗaga musu hannu ya ce a sauka lafiya. Ba wai da shi aka haɗa baki ba. Ba a taɓa ce masa aikinsa ya haɗa da ƙirga ba.

Abin da ake fara koya wa mai gadi a kamfanin kirki shi ne littafin ƙofa. Mota ta zo: lambarta, sunan direba, ƙarfe nawa ta shiga, fanko ta shigo ko da kaya. Za ta fita: a kawo takardar fitar da kaya mai sa hannun mai sito, shi kuma ya tsaya a bayan motar ya ƙirga da kansa. Takarda ta ce katan 200, ya ga 206, get ba zai buɗu ba sai an kira ka. Shidan nan da ake ɗorawa a kan kowace mota ita ce take cinye 'yan kasuwa, ba ɓarawon dare mai adda ba.

Alhajin Kwari: To ai wannan ko yaron shago zai iya.

Tsohon Sufabaiza: Ranka ya daɗe, yaron shago da mai lodin tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Shi ya sa ake son wanda albashinsa ba daga hannun mai sito yake fitowa ba, kuma ba ya jin kunyar kowa a gidan. Sabon da kake yabo a wurin Buzunka, shi ne kuma yake hana dattijo ya ce wa ɗan maigida buɗe but in gani.

Akanta: Mu dawo kan lissafi, tunda tambayar ta kuɗi ce. Dubu 220 a cire dubu 35, ƙarin dubu 185 kenan a wata, miliyan 2 da dubu 220 a shekara. A ce ribarka a katan ɗin taliya naira 300 ce, sai ka sayar da katan 7,400 kafin ka biya wannan ƙarin kaɗai. Masu kayan masarufi sun san ribarsu siririya ce, juyi ne yake riƙe su. Saboda haka ba kowa ne ya kamata ya ɗauki kamfani ba. Ka ɗauko giɓin da ka gani, ka buga shi da kuɗin sari, ka raba da watannin da suka wuce tun ƙidayar baya. Idan abin da yake zurarewa a wata ya kusa dubu 185 ko ya wuce, magana ta ƙare. Idan bai kai rabi ba, to sata kaɗai ba ta isa hujja ba, sai ka duba sauran abubuwan.

Mai Sito: Waɗanne sauran abubuwan, Malam?

Akanta: Gobara a gaba da komai. Sata tana ɗaukar katan, wuta tana ɗaukar sito.

Hajiya Mai Kanti: Wallahi kuwa. Duk wanda yake Kano a watan Maris na 2016 ya ga abin da ya sami kasuwar Sabon Gari. Cikin dare wutar ta tashi, gari ya waye dubban shaguna sun zama toka. Akwai waɗanda har yau ba su miƙe ba.

Tsohon Sufabaiza: Allah ya kiyaye na gaba. A nan ne horo yake nuna kansa. Ku je ku tambayi masu gadinku yau, wa ya taɓa riƙe tukunyar kashe gobara ya fesa da hannunsa? Da yawa tana nan rataye tun ranar da aka buɗe wurin, ƙura ta rufe ta, allurar ta sauka daga kore ta koma ja, ba wanda ya duba. Ƙaramar tukunyar nan ba ta kai rabin minti tana feshi ta ƙare. Wanda bai sani ba zai tsaya daga nesa ya yi ta fesa wa harshen wutar a sama, ta ƙare masa a banza. Wanda aka koya wa zai zare fil ɗin, ya matso, ya saita gindin wutar, ya yi ta sharewa hagu da dama. Kuma ya san idan wutar lantarki ce ba a watsa mata ruwa, mita ake fara kashewa. Yanzu da kowane sito yake da inbata da batura a lungu, ga hita da ake mantawa a jone lokacin hunturu, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Sannan lambar 'yan kwana-kwana tana manne a ɗakinsa, ba sai ya kira maigida ya tashe shi daga barci, shi kuma ya fara neman lamba ba.

Alhajin Kwari: Duk na ji. Amma ina masu kakin naku suke ranar 1 ga Agustan 2024? Da idonmu muka ga yara suna fitowa da kujeru da kwamfutoci daga ginin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, aka fasa sito-sito aka kwashe abinci, har sai da gwamnati ta sa dokar hana fita. Wane mai gadi ne ya tare su?

Tsohon Sufabaiza: Babu, Alhaji, kuma duk kamfanin da ya ce maka yaransa za su tare irin wannan taron ƙarya yake yi. Mutum biyu da kulki ba sa tsayar da ɗaruruwa. Abin da ake so daga gare shi a irin wannan rana shi ne ya ji ƙishin-ƙishin da wuri, ya rufe tun kafin su iso, ya fitar da ma'aikata ta baya, ya kira waɗanda ya kamata, kar ya tsaya jarumtar da za ta sa a ɗauki gawarsa. Buzunka ma da takobinsa iyakar abin da zai yi kenan.

Barista: Bari in shigo a nan, don akwai abin da mutane da yawa suke ɗauka ba daidai ba. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga. Saboda haka idan wani ya ce maka zai turo maka yaransa da bindiga, ko dai jami'an gwamnati zai ɗauko maka, ko kuma yana shirin jefa ka a matsala. Kamfanin dole ya kasance yana da lasisi, kuma hukumar Sibil Difens ce take sa ido a kansu, tun daga rajista har horo. Kafin ka sa hannu a komai, ka nemi kwafin lasisin, ka duba ko an sabunta shi, ka taka zuwa ofishin Sibil Difens na jiha ka tabbatar. Akwai masu ɗinka kaki a kasuwa su buga kati su ce su kamfani ne.

Abu na biyu, wanda ya fi jawo wa 'yan kasuwa asara a wurinmu, shi ne kamun ɓarawo. Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ba ta ce a ɗaure shi a turke a yi ta jibga sai ya faɗi abokansa ba. Ranar da aka daki yaro a sitonka ya mutu ko ya nakasa, ba za a tsaya a kan maigadi kaɗai ba, sai an nemi wanda ya ajiye shi. Abin da za ka kashe tsakanin caji ofis da kotu da sulhu da iyayen yaro, ga wurinka a rufe, ya ninka katan ɗin da ya ɗauka sau nawa?

Ba mu manta Uromi ta jihar Edo ba. A watan Maris na 2025 'yan sintiri suka tare mafarauta 'yan'uwanmu suna hanyar dawowa gida Sallah, aka tara jama'a, mutum 16 suka rasa rayukansu. Mutumin da aka ba ikon tsare hanya ba a koya masa inda ikon ya tsaya ba, abin da yake iya jawowa kenan.

Alhajin Kwari: Allah ya jiƙansu da rahama.

Hajiya Mai Kanti: Amin. Ni ta wani ɓangaren na ga amfanin abin, ba ta sata ba. Kantina mata ne suka fi shiga. Da can matasa suna zama a bakin ƙofa, 'yan adaidaita sahu su toshe wurin ajiye mota, mace ta zo ta leƙa ta wuce. Ba wadda za ta zo ta ce miki Hajiya na fasa shiga saboda kaza, sai dai ki ga ba ta dawo ba. Da na ɗauki masu gadi na ce lallai a haɗa min da mace. Dalili kuwa, idan ana zargin wata ta sa kaya a cikin hijabi, namiji ba shi da yadda zai yi, in ya taɓa ta kuma an shiga uku. Ita kuwa sai ta matso a hankali ta ce Anti don Allah mu je ciki, a gama magana ba wanda ya ji. Akwai ranar da zargin ma bai tabbata ba, aka ba baiwar Allah haƙuri, har yau tana sayayya a wurina. Da a bainar jama'a aka tozarta ta, da ita da danginta da ƙawayenta duk na rasa su, ban da abin da za a rubuta a Facebook.

Ɗan Waya: Hajiya wannan kanti ne. Shi sito wa yake zuwa kallon fara'ar maigadi?

Hajiya Mai Kanti: Direbobin tirela da 'yan dako ba mutane ba ne? Ka bar layin lodi ba mai tsarawa ka ga yadda ake dambe.

Maigadin Dare: Assalamu alaikum iyayen gidanmu. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, wani yayana ne ya sa ni a nan, amma aikin da kuke magana a kai shi nake yi, a ƙarƙashin kamfani. Ku yi haƙuri in faɗi nawa.

Kuɗin da kuke biya ba shi ne yake zuwa hannunmu ba. Na san kamfani yana da nasa kashe-kashen, kaki da takalmi da oba-oba da man mai zagaye, ba na musu. Amma akwai inda abin da yake isowa ga mai gadi bai kai rabin abin da maigida ya biya ba, kuma sai wata ya yi nisa. Mutumin da ya bar gida ba cefane, da rana ya yi acaba ko dako don ya cike, da dare ya zo ya zauna a kujera, don Allah ta yaya ba zai yi gyangyaɗi ba? Horon da aka ba shi yana nan a kansa, amma idon ya rufe. Kuma irin wannan shi ne wanda idan direba ya miƙa masa dubu biyu ya ce kar ka ƙirga, zai yi shiru.

Sannan wurin zama. Wani gidan ko rumfa babu, ruwan sama a kanka, sauro a kanka, banɗaki sai ka roƙi maƙwabta. Idan ka tafi neman banɗaki wa ya tsare ƙofar?

Alhajin Kwari: Ka ji ko? Daga bakin mai ita. Araha ba ta ado, amma ga shi tsadar ma ba ta yi ba.

Akanta: Malam Maigadi ya taɓo inda ya kamata. Mako yana da awa 168. Mutum biyu su raba, kowa awa 84 ba ranar hutu. Ba jikin da zai ɗauki wannan wata da watanni. Kenan idan kamfani ya ce maka mutum biyu, ka tambaye shi ina na ukun da yake karɓar su ranar hutu ko ranar rashin lafiya, kuma a cikin kuɗin yake ko daban.

Game da albashi, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma kamfanin gadi da yake da yara a wurare da yawa ba shi da wannan mafakar. Idan kana biyan dubu 110, kana da bakin cewa a rubuta a yarjejeniya nawa ne zai shiga asusun mai gadin da kuma ranar da zai shiga.

Barista: Ƙwarai. A ƙara da waɗannan a takardar. Idan kaya suka ɓata a lokacin aikinsu kuma aka tabbatar da sakaci, wa zai biya, har zuwa nawa? Yawancin takardun da suke kawowa an rubuta su ne don kare kamfanin, sai ka karanta ƙananan rubutun. Idan mai gadi ya ji rauni a bakin aiki, kamfanin yana biyan kason asusun inshorar ma'aikata, NSITF, da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanada? Idan kai ka ɗauki mutum kai tsaye, ɓarayi suka sare shi, asibitinsa da iyalinsa a wuyanka suke, ko doka ba ta ce ba mutunci zai ce. Wannan ɗaukar nauyin yana cikin abin da kake saya a wurin kamfani. Maigadin gida idan ya tattara ya tafi garinsu da dare, wa za ka kama? Kamfani kuwa yana da ofis da lasisin da yake tsoron rasawa.

Masu inshora ko takaful kuma su duba takardarsu. Wasu suna sa sharaɗin lallai akwai mai gadi a wurin duk dare. Ranar da aka yi fashi aka gano ba kowa, sai su ce ba su san zance ba.

Alhajin Kwari: Barista, nawa da zai zo, ɗan'uwansa da ya shekara a unguwarmu ne ya kawo shi gaban mai unguwa ya tsaya masa. Wannan ma ɗaukar nauyi ne, ba sai da hatimi ba.

Barista: Ban raina shi ba, Alhaji, sau da yawa ma ya fi takarda ƙarfi. Sai dai mai tsayawar zai nemo maka mutum, ba zai biya ka dilar shadda ba.

Tsohon Sufabaiza: Ni ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya ba. Mai Sito, kar ka sallami Baba. Mutumin da ya san kowa a layin, ya san wace mota ce baƙuwa, ba a samunsa da kuɗi. Ka bar shi a wurinsa, ka ɗauki mutum ɗaya mai horo ya riƙe ƙofa da littafi a lokacin lodi, tunda a nan jinin yake zuba. Ka sayi tukunyar kashe gobara biyu, ka sa a nuna wa Baba da yaran sito yadda ake amfani da ita, a kunna wuta a rabin duro a fili kowa ya gwada da hannunsa. Bayan wata uku ka sake ƙidaya.

Ɗan Waya: Mu masu ƙananan shaguna fa? Ribar wata ba ta kai albashin mutum ɗaya ba.

Akanta: Ku haɗa a layi. Shago 20, kowa dubu 15, dubu 300 kenan.

Ɗan Waya: Hmm. An taɓa gwadawa a layinmu. Wata biyu aka biya lafiya, na uku mutum shida suka ce ai su ba a taɓa yi musu sata ba. Mai karɓar kuɗin ya gaji da bin mutane ya ajiye littafin.

Hajiya Mai Kanti: Sai a bi ta ƙungiyar kasuwa, a haɗa shi da kuɗin shara da na wuta. Wanda bai biya ba shugabanni su san yadda za su yi da shi, ba maƙwabcinsa ba.

Mai Sito: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da lissafin da Malam Akanta ya ce. Amma maganar albashin nan, ta yaya zan tabbatar suna biya? Ai za su iya rubutawa su ƙi cikawa.

Tsohon Sufabaiza: Ka ce duk wata su haɗo maka da shaidar biya kafin ka tura na gaba. Kuma ka riƙa zuwa ba sanarwa, ƙarfe biyu ko uku na dare, ka ga ko yana farke, ka buɗe littafin ka ga yaushe mai zagayensu ya sa hannu na ƙarshe.

Maigadin Dare: Alhaji, takardar shaida ana iya gyara ta. Ka tambayi yaron da kansa ya nuna maka alat a wayarsa. Amma don Allah kar ka tambaye shi a gaban sufabaiza, kuma idan za ka yi wa kamfanin magana kar ka ce daga bakinsa ka ji, don washegari za su ɗauke shi su kawo maka wani.